Ƙorafi Kan Wutar Janareta da Sola da Ke Komawa Layin Gari a Kirikasamma

Zuwa ga
Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa,
Gidan Gwamnati, Dutse.

Ta hannun Shugaban Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, da sanin Mai Girma Hakimi.



Ranka ya daɗe,

Ina gabatar da wannan kuka a madadin magidanta da masu sana'a na garin Kirikasamma. Ni mai aikin wayarin wuta ne, na haura shekara ashirin ina hawa tsani, da damina kuma ina noma 'yar fadamata ta shinkafa kamar kowa a nan. Masu injin casa, da masu walda, da masu ƙanƙara, da matan da ke turara shinkafa, su suka ce ni zan rubuta, don ni nake shiga gidajensu da shagunansu ina ganin yadda aka ƙulla wayoyi a bayan ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba mun zo mu ce babu wuta ba ne kawai. Wannan kukan ka sha jin sa daga kowane lungu na jihar nan. Namu ya ɗan bambanta. Rashin wutar ya sa kowa ya nemi tasa, wannan da janareta, wancan da sola da batir, amma wayar kowane gida tana nan a ɗaure da layin gari kamar yadda aka ɗaura ta tun zamanin NEPA. Wutar da mutum ya yi a gidansa ba ta tsayawa a gidansa. Tana fita ta bi layi, tana taɓa mutane, tana ƙona kaya, tana kuma sauya wanda ke biyan kuɗi da wanda ba ya biya. Babu wanda ke lura da wannan, babu wanda aka ɗora wa alhakinsa.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana, don shi ya hana ni barci har na ɗauki alƙalami.

A farkon daminar bara, iskar hadari ta tsinka wayar da ke shiga wani gida a unguwarmu. Lokacin an kwana huɗu ba a kawo wuta ba. Na je da yaron da nake koya wa aiki, saurayi mai natsuwa, ɗan maƙwabcina. Na sa testa a layin, babu komai. Na sake gwadawa, shiru. Yaron ya hau tsani, ya kama wayar da hannun hagu yana murɗa ta da filaya. A daidai wannan lokacin, gida na uku daga inda muke, wani bawan Allah ya ja igiyar janaretansa don ya ɗora ruwa a tanki kafin magariba. Ba shi da makunnin sauya layi, wanda muke kira canjoba. Abin da yake yi shi ne abin da rabin garin nan ke yi: waya ce mai kai biyu, ya soka ɗaya a janareta, ɗaya a soket ɗin ɗaki, sai ya zare fis ɗin da ke bakin ƙofa. Ranar ya manta bai zare ba. Na ji ƙarar injin daga nesa, kafin in buɗe baki yaron ya ƙame a kan tsani, sannan ya faɗo. Allah ya sa akwai tarin yashin gini a ƙasa. Mun kai shi asibiti a Hadejia, ya rayu, alhamdu lillahi, amma yatsunsa biyu har yau ba sa lanƙwasuwa, kuma da su yake riƙe filaya.

Mai janaretan ba mugu ba ne. Ya zo asibiti yana hawaye, ya sayi magani da abin da yake da shi. Ni ma ina da nawa kason laifi, don ban ɗaure layin da ƙasa ba kafin yaron ya hau, na dogara da cewa an kwana huɗu babu wuta. Na ɗauki wannan, kuma tun ranar ban sake ba. Amma ranka ya daɗe, mutum ɗaya ya gyara halinsa ba ya gyara layin da gidaje da yawa ke rataye a kai.

Abin da mutane ba su sani ba, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya faɗa musu, shi ne taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Aikinta ta karɓi wuta mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000 ta sauke ta zuwa 230 da muke amfani da shi a ɗaki. In ka ba ta 230 ta ƙasa, sai ta ɗaga shi ta mayar sama. Ƙaramin janaretan da yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya yana iya raya babbar wayar da ta bi ta gonaki, ko da na ɗan lokaci ne, kuma ɗan lokacin ya isa ya kashe mutum. Ma'aikacin da ya kashe layi daga can sama ya hau falwaya da tabbacin babu wuta, bai san wani a ƙasa ya kunna masa ita ba. Yankinmu kuwa yankin ruwa ne. Da damina turakun wuta suna tsaye cikin ambaliya, wasu sun karkace, waya ta yi ƙasa har mai kwalekwale na iya taɓa ta da gora. A ambaliyar 2022 mun ga wayoyi kwance cikin ruwa makonni, yara suna wanka a gefensu, masunta suna wucewa, kowa na cewa ai babu wuta. Babu ta kamfani, gaskiya ne. Ta maƙwabci fa?

Yadda muka iso nan ba ɓoyayye ba ne. A ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa goma daga cikin kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga 'yan kasuwa, aka ce za a ga canji. Mu da muke ƙarshen layi, wutar da ke taso mana daga Hadejia sai ta gama da kowa kafin ta iso, in ta iso kuma a gajiye. Da aka raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni, daga A mai awa 20 a rana zuwa E mai awa 4, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, ko yaro ya san inda ɗan kasuwa zai fi tura hajarsa. Ƙauye ba ya cikin wannan lissafin. Kafin nan, a ranar 29 ga Mayu 2023 an cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Masu hali suka jingine janareta suka koma sola. Sai kuma duhun Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace a hannun ɓarayi kuma layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, Arewa ta kwana fiye da mako babu wuta. Wanda yake ta jinkiri a lokacin ya yanke shawara. Wasu sun sayar da tumaki, wasu sun sayar da buhunan shanshera tun kafin ta yi daraja, aka ɗora faranti a kan rufi. Ni na ɗora da yawa daga ciki da hannuna, a nan cikin gari da Marma da Turabu da Madachi. Ban ga laifin kowa ba. Mutum yana da 'ya'ya, yana da firji, yana da sana'a.

Sai dai sola ta zo da nata. Inbata mai kyau tana da wayo, da ta ji layin gari ya mutu sai ta ware kanta. Amma kasuwa cike take da masu araha, kuma yawancin masu ɗaurawa yara ne da suka koyi aikin a waya cikin wata biyu. Na buɗe allon wuta a gidaje na tarar an haɗa fitar inbata da shigar layin gari a kan ƙarfe ɗaya, babu abin da ya raba su sai tunanin maigida. Ranar da aka kawo wuta ba zato, wutar kamfani da ta inbata suka yi karo, sai ƙara da hayaƙi. Mutum ya yi asarar abin da ya tara shekara biyu yana biya.

Akwai kuma abin da ke faruwa a minti biyar na farko bayan an kawo wuta, wanda duk mai zama kusa da taransifoma ya san shi. Yara suna ihun murna, ita kuwa taransifoma tana gurnani. Dā can, in wuta ta dawo, ƙwai ne da fanka da rediyo. Yanzu kowace inbata a garin tana buɗe baki ta cika batir a lokaci guda, kowane firji yana tashi, kowane famfo, kowane dutsen guga, mai walda ya bar janareta ya koma layi, mai niƙa ma haka, don kowa ya san wutar ba za ta daɗe ba. Nauyin da ya kamata ya bazu cikin yini sai ya taru cikin awa ɗaya. Fis ya tsinke a layi ɗaya daga cikin ukun da ke fitowa daga taransifoma. Masu hali, da suka ja layi uku zuwa gidansu, sai su zare fis su mayar kan wanda ke da wuta. Nauyin gari duka ya koma kan waya ɗaya. In aka yi rashin sa'a wayar nitaral ta ƙone, sai wutar da ke shiga wasu ɗakuna ta tashi ta doshi bolt 400. A dare ɗaya irin wannan na ga talabijin da caja da firji sun ƙone a jere, gida bayan gida, har da na wata gwauruwa da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo tana ciyar da marayu. Firjin nan shi ne jarinta. Ta zo shagona da safe ta ce, "Malam, a duba mini ko zai tashi." Na duba. Bai tashi ba.

Taransifomar unguwarmu ta ƙone sau biyu ta wannan hanya. Duk sau biyun mu muka yi karo-karo, gida-gida, aka kai ta gyara, alhali hukumar NERC mai kula da harkar wuta ta sha nanata cewa gyara ko sauya taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na jama'a ba. Mun kai kuka ofishin kamfanin da ke ba mu wuta, a rubuce da kuma baki da baki. Amsar da muke samu ita ce garinmu ba ya kawo kuɗi.

A nan ne maganar ta fi ciwo, kuma ina roƙon Mai Girma Gwamna ya dube ta da kyau. Gaskiya ne kuɗin da ake tarawa ya ragu. Amma me ya rage shi? Waɗanda dā su ne ke biya da kauri, mai injin casa, mai gidan burodi, babban ɗan kasuwa, ma'aikacin da ke da albashi, su ne suka fara yin wutar kansu. Da yawansu sun daina biya, suna cewa ba sa amfani da ita, amma ba su yanke wayarsu ba, suna cika batir da ita duk ranar da ta zo. Mafi yawan gidajenmu babu mita. Ana kawo takarda ne bisa ƙiyasi, a raba wa waɗanda suka saura. Su wa suka saura? Mai ƙwai biyu da fanka ɗaya. Tsohon da ba shi da ɗa a birni. Matar da ke cajin fitila don 'ya'yanta su yi karatun dare. Wanda ya fi kowa ƙarancin sha shi ke ɗaukar kuɗin abin da mai batir huɗu ya zuƙe. In ya kasa, a yanke layin unguwa gaba ɗaya, da wanda ya biya da wanda bai biya ba. Tun Fabrairun 2020 NERC ta kafa iyaka kan abin da za a iya caje wanda ba shi da mita, amma mutumin ƙauye bai san iyakar ba balle ya nemi haƙƙinsa. Haka abin ke juyawa: wuta ta ragu, masu hali su fice, kuɗi ya ragu, kamfani ya ƙara janye jiki, wasu su ƙara ficewa. Ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da 190,000 tana zamewa daga layin ƙasa a hankali, ba tare da wani ya sa hannu a takarda ya ce a cire ta ba.

Ranka ya daɗe, akwai wani ɓangare da ban taɓa jin an ɗaga shi a wani taro ba, kuma a ganina nan ne mafitarmu take.

Bayan shagona akwai injin casa da ke aiki da babban janareta na dizal. Duk wanda ya tsaya kusa da shi ya san zafin da yake fitarwa, salansa har ja take yi da dare, ruwan lagireto yana tafasa. Wannan zafin kuɗi ne. Injin dizal, in ya yi ƙoƙari, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da ya sha yake mayarwa wuta, ƙananan na fetur ba sa ma kaiwa haka. Sauran duk yana tafiya iska. Taku ashirin daga wurin, a bayan katanga, mata ne ke turara shinkafa a rabin duro. Suna jiƙa shanshera, su ɗora kan murhu, su yini cikin hayaƙi idanu jawur, goyo a baya yana tari. Itacen da suke ƙonawa saye suke yi, kullum yana ƙara tsada, kuma kowa ya san daga inda wani kason yake fitowa: dazuzzukan da ke kewaye da dausayin Baturiya, wurin da aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai da hunturu. Masu bandar kifi su ma itace. A gefe guda kuma ga ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan kowane injin casa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin kowane buhu, wani a kwasa a yi murhu da shi, mai yawa kuwa a cinna masa wuta ya kwana yana hayaƙi. Ga ciyawar kachala ta cike Magudanar Marma da sauran hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogi, ana kashe kuɗi ana yanke ta a zubar. Mai inji yana zubar da zafi, maƙwabciyarsa tana sayen zafi, abin ƙonawa yana ruɓewa a tsakaninsu. Kullum na wuce wurin sai raina ya ɓaci.

A wasu ƙasashe an daɗe da haɗa waɗannan biyun. Akwai injin da ke ba da wuta da zafi a tare: yana ƙona gas ya yi lantarki, zafin da ya fito kuma a kama shi da bututun ruwa a ɗumama gida ko a yi wanka. Da haka ake cin moriyar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na man, maimakon kashi talatin. A Japan tun 2009 ake sayar da makamancinsa na gida da suna Ene-Farm, kuma an girka fiye da 400,000. Jamus ta yi doka ta musamman a 2002 don ƙarfafa irin wannan haɗin. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne su ma sun gamu da irin matsalarmu. Layin da aka gina don wuta ta gangaro daga babbar tasha zuwa gida, sai ga gidaje suna turo ta sama. Ƙarfin wuta yana hawa a ƙarshen layi in gidaje da yawa suka tura a lokacin da ba a sha sosai, ma'aikata kuma suna cikin haɗarin layin da aka kashe amma bai mutu ba. Ba su hana mutane injinsu ba. Sun kafa ƙa'ida. A Ingila, ƙarƙashin ƙa'idar da ake kira G98, ƙaramin inji da bai wuce amfiya 16 a kowane layi ba dole ya kasance irin wanda aka gwada aka tabbatar yana yanke kansa da zarar layin gari ya mutu, kuma wanda ya ɗaura shi dole ya sanar da kamfanin layin cikin kwana 28. Kamfanin ya san abin da ke rataye a kan kowace taransifoma tasa. Da aka yi haka sai injinan suka zama taimako, don a can lokacin da gida ya fi neman zafi, wato daren hunturu, shi ne lokacin da layi ya fi ɗaukar nauyi, injin gida yana rage masa.

Mu ba ɗumama ɗaki ne damuwarmu ba, in ban da 'yan makonnin sanyi. Zafinmu na sana'a ne: turara shinkafa, busar da ita in damina ta hana shanya, bandar kifi, ruwan zafi na ɗakin haihuwa. Kuma ba na ba da shawarar kowa ya je ya kanga tukunya a bakin salansa. Hayaƙin janareta yana ɗauke da guba marar wari, ya sha kashe iyali guda cikin barci a ƙasar nan. Zafin ana ɗaukar sa ne ta bututu, ruwa daban hayaƙi daban, kuma aikin masana ne. Amma ba abin da ya gagara ba ne. A jihar Bihar ta Indiya, wurin manoman shinkafa irinmu, kamfanin Husk Power Systems ya fara ne da ƙona ɓuntu ya fitar da gas ya juya inji ya ba ƙauyuka wuta. A nan gida kuma an riga an gwada ƙaramar tashar gari da ke haɗe da layin ƙasa, a Toto ta jihar Nasarawa da Zawaciki ta jihar Kano: in wutar ƙasa ta zo a sha, in ta ɗauke tashar gari ta karɓa, mita ɗaya, mai kula ɗaya. Dokokin NERC na 2023 sun yarda da irin wannan har zuwa megawat ɗaya, bisa yarjejeniya tsakanin jama'ar gari da mai zuba jari da kamfanin rarraba wuta. In aka yi a Toto, ban ga abin da zai hana a yi a bakin Kogin Hadejia ba, inda ake noman shinkafa rani da damina, ga alkama, ga rana da ba ta ƙarewa.

Dalilin da ya sa muka kawo kukan gare ka, ba Abuja ba, shi ne gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin 2023 sun ba jihohi ikon yin doka da tsara harkar wuta a cikin iyakarsu, har a wuraren da layin ƙasa ya ratsa. Abin da dā sai an jira tarayya, yanzu ƙofarsa tana Dutse.

Abu na farko da muke roƙo, kuma shi ne na gaggawa don rai ne a ciki, a wajabta canjoba a duk gida ko shagon da ke da janareta ko inbata kuma yake haɗe da layin gari. Ba da kame ko tara za a fara ba. Talaka ba ya ƙin abin da zai tsare ransa, tsada ce da rashin sani. A sa ƙaramar hukuma ta sayo su da yawa a sayar da rangwame, a tara mu masu wayarin na yankin a ba mu horo da shaida tare da hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin wuta, a ba da wa'adi, sannan a bi gida-gida. A sa limamai su faɗa a huɗuba, masu unguwanni su faɗa a ƙofar gida, a faɗa a rediyo da harshen da tsohuwa za ta gane: waya mai kai biyu tana kisa. Ni da abokan aikina mun yi alkawarin ɗaura wa marayu da gajiyayyu kyauta in an kawo kayan.

Muna kuma roƙon a ƙirga. A san janareta nawa, inbata nawa, faranti nawa ke kan kowace taransifoma a Kirikasamma da Marma da Turabu da Madachi da Baturiya, kuma a rubuta da sharaɗin ba don haraji ba ne, in ba haka ba kowa zai ɓoye nasa. Ba a yi wa layi magani in ba a san abin da yake ɗauke da shi ba.

Sai mita. A sa baki kamfanin ya sa wa kowace taransifoma mita, ya fara sa wa masu manyan batura da masu injina tasu, don kowa ya biya abin da ya sha, a daina ɗora wa mai ƙwai biyu. A kuma binciki kuɗin da muka tara sau biyu muka gyara taransifoma, a mayar mana ko a cire daga bashin da ake bin unguwa. Muna da takardun karo-karon, da sunan kowane gida da abin da ya bayar, za mu miƙa wa duk wanda aka turo.

Na ƙarshe shi ne wanda na fi sa rai a kansa, ko da zai ɗauki lokaci. A turo injiniyoyi, tare da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta tarayya, su zo da kaka lokacin da injinan casa ke aiki dare da rana, su auna ɓuntun da ke taruwa, su auna itacen da mata ke ƙonawa, su ga ko za a iya kafa tasha ɗaya ta gwaji a wurin da masu casa da masu turara suke maƙwabtaka: sola da rana, ɓuntu da dare, tururi ya tafi wa mata ta bututu, wuta ta shiga layin gari ta ƙofa ɗaya mai tsaro. Wanda kuma solarsa ke yin rara da tsakar rana, a samar masa mitar da za ta ƙirga abin da ya tura, a rage masa a kuɗinsa, maimakon rarar ta tafi a banza ko ta fita ta ɓarauniyar hanya. In za a zauna kan wannan, muna roƙon a sa matan a zaman, su da kansu, ba wakilansu maza ba. Su suka san yawan itacen da duro ɗaya ke ci da kuma lokacin da shinkafa ta turaru.

Yaron da ya faɗo daga tsani ya dawo shago. Yana haɗa soket da ɗaura fanka, amma ban ƙara barin sa ya hau sama ba, kuma mahaifiyarsa ta sa na yi mata alkawarin haka. Damina na tafe, iska za ta sake tsinka wayoyi, wani ne zai hau ya ɗaura. Muna roƙon a fara da maganar canjoba kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya ja zamanin Mai Girma Gwamna, ya ba shi ikon duba wannan kuka.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Mai aikin wayarin wuta, garin Kirikasamma,
a madadin magidanta, masu sana'a da mata masu turara shinkafa da suka sa hannu da ɗan yatsa a takardar da ke haɗe.